Tambaya: Kiran ƙasa "uwa mai haƙuri" a waƙoƙin Indiya kariya ne gare ta, ko izinin cutar da ita?

Ɗalibar adabi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina shirya takarda ne a kan waƙoƙin Indiya ta fuskar muhalli, kuma na shafe kusan wata biyu ina karanta fassarorinsu, tun daga tsofaffin na Sanskirit, tsohon harshen adabin Indiya, har zuwa na mawaƙan wannan zamani. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda abubuwa uku ba sa rabuwa a cikinsu. Duk inda aka ambaci ƙasa sai a kira ta uwa, duk inda aka kira ta uwa kuma sai a shiga yabon haƙurinta. A cikin Atharva Veda, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan addinin Hindu, waƙar farko ta littafi na 12, mai baiti 63, gaba ɗayanta yabon ƙasa ce, kuma a baiti na 12 mawaƙin ya ce ƙasa uwarsa ce shi kuwa ɗanta ne. A 1882 Bankim Chandra Chattopadhyay ya saka waƙar Vande Mataram a cikin littafinsa Anandamath, inda ya gaida ƙasar haihuwarsa a matsayin uwa mai yalwar ruwa da 'ya'yan itace, wadda amfanin gona ya lulluɓe ta.

To, amma ga kogin Ganga, wanda miliyoyin mutane suke kira uwa, kuma a cikinsa ake zuba ƙazantar birane da gurɓataccen ruwan majemun Kanpur, har gwamnati ta ƙaddamar da shirin Namami Gange a 2014 ta ware masa rupi biliyan 200 domin tsaftace shi. Tambayata ita ce: anya wannan yabon haƙuri ba shi ne ya sa 'ya'yan suka saki jiki ba, tunda sun san uwa ba ta kai ƙarar ɗanta? Idan haka ne, ta yaya zan gabatar da waɗannan waƙoƙi a matsayin masu kare muhalli ba tare da na yaudari mai karatu ba?

Tsohon malamin adabi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki tana kan hanya, kuma tushenta yana cikin harshen kansa. A Sanskirit kalmar kshama tana nufin haƙuri da yafiya, ita ce kuma ɗaya daga cikin sunayen ƙasa. Akwai wani sunan, sarvamsaha, ma'anarsa mai jure komai, akwai kuma dharitri, wato mai ɗaukar nauyi. Mawaƙin da ya gaji wannan harshe ba ya bukatar ƙirƙiro kwatance tsakanin ƙasa da haƙuri, domin ƙamus ya riga ya ɗaura musu aure tun kafin a haife shi. (Ina maganar adabi ne a nan, ba ina tattauna akidar masu shi ba.)

Sai dai ki koma waƙar Atharva Veda ɗin ki wuce baiti na 12 zuwa na 35. A can mawaƙin yana roƙon cewa abin da ya haƙa daga jikin ƙasa ya yi saurin tsirowa ya koma yadda yake, kuma kada haƙansa ya kai ga makasarta ko zuciyarta. Wanda yake wannan roƙo ya san uwar tasa tana da makasa, ya kuma san hannunsa na iya kaiwa gare ta. Masu ɗauko baiti na 12 su manna a allon taro galibi ba sa kaiwa nan.

Na biyu, ki dubi Sita, matar Sarki Rama, a cikin Ramayana, doguwar waƙar Valmiki. Sunanta yana nufin kwarin da garma take yankawa a gona, domin a nan Sarki Janaka ya tsince ta yana huɗa. 'Yar ƙasa ce, ta gaji halin uwarta: ta bi mijinta zaman daji, an sace ta, an gwada ta da wuta, an kore ta tana da ciki, ta haifi tagwayenta Lava da Kusha a dajin da Valmiki yake zaune ta raine su a can. Duk wannan ta shanye. Amma da aka sake neman ta tabbatar da tsarkinta a bainar jama'a, sai ta roƙi ƙasa ta buɗe ta karɓe ta, ƙasa kuwa ta buɗe, ba ta kuma dawo da ita ba. A ganina wannan shi ne darasin muhalli mafi tsanani a tsohon adabin Indiya. Mai haƙurin ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga hannu ba, da tura ta kai bango janyewa kawai ta yi, aka bar sarki da fadarsa da nadama. Rijiyar da ta ƙafe da gonar da ta daina bayarwa haka suke yi.

Akwai kuma wurin da abin ya juya, mutum ya zama shi ne uwa. A babi na huɗu na wasan Shakuntala na Kalidasa, lokacin da za ta bar dajin da ta girma zuwa gidan miji, uban riƙonta Kanva ya nemi itatuwa su yi mata sallama, yana tuna musu cewa ba ta taɓa shan ruwa ba sai ta shayar da su, kuma duk da son kwalliyarta ba ta tsinkar tohonsu. Tana tafiya sai wani abu ya riƙe mata gefen zane, ashe ɗan barewar da ta raina ne bayan mutuwar uwarsa, wanda ta taɓa shafa wa mai a baki lokacin da kaifin ciyawa ya yanke shi. A nan daji ne yake karɓar reno daga hannun mutum, kuma ba wanda ya yabi haƙurin dajin.

Mai nazarin waƙoƙin mata ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara sani, na ƙaru da bayanin kshama. Amma ina neman izini in ɗan saɓa, domin duk misalan da aka kawo zuwa yanzu maza ne suka rubuta su. Ɗa ne yake kallon uwa yana yabonta, kuma yabon ɗa ga uwa ma ba da mama ba ya rasa son zuciya a ciki, tunda shi ne mai shan maman. Shawarata ga 'yar'uwa ita ce ta raba waƙoƙin gida biyu, ta tambayi kowace: wa yake magana a nan, wanda ake goyo ko mai goyon?

Ki fara da Bahinabai Chaudhari, wadda ta rayu daga 1880 zuwa 1951 a yankin Khandesh na jihar Maharashtra. Manomiya ce da ba ta iya karatu da rubutu ba, mijinta ya rasu tana da ƙuruciya ya bar ta da yara, kuma tana tsara waƙoƙinta ne a bakin dutsen niƙa da cikin gona. Ɗanta Sopandev ne ya riƙa rubuta su, aka buga su a 1952 bayan rasuwarta. A waƙarta da ta fi shahara ta kwatanta zaman duniya da kasko a kan murhu, ta ce sai hannu ya sha ƙuna kafin a samu gurasa. A wata kuma ta tsaya tana kallon tsuntsuwar da take saƙa sheƙa da bakinta ta rataye ta a reshe domin 'ya'yanta, ta ce wa ɗan Adam ya duba, ita ba ta da hannu ba ta da yatsu, shi kuwa an ba shi hannu biyu da yatsu goma. Haƙuri a bakin Bahinabai aiki ne da ake yi da jiki tun daga asuba, yana da zafi kuma yana barin tabo. Tsuntsuwar ma ba abar bauta ba ce a wurinta, abokiyar wahala ce da ta fi ta iya saƙa.

Daga nan ki je wurin Jyoti Lanjewar, mawaƙiyar Dalit, wato al'ummar da tsarin gādon matsayi na Indiya ya ajiye a can ƙasa, mai rubutu da harshen Marathi, wadda ta rasu a 2013. Waƙarta a kan uwa ta buɗe ne da cewa ba ta taɓa ganin uwarta sanye da sari, zanen matan Indiya, mai bakin zinariya ba. Abin da ta gani shi ne mace tana gyaran titi, tafin ƙafarta yana ƙuna a kan ƙasa mai zafi, ta rataye jaririnta a reshen itacen ƙaya tana dakon kwalta. Ki ajiye wannan hoto kusa da uwar Bankim mai sanyin iska da koren gonaki, za ki ga tazarar da take tsakanin uwar da ake rera wa waƙa da uwar da ake biyan ladan yini. Ko Nirala, wanda namiji ne kuma babba a waƙar Hindi, da ya ga mace tana fasa dutse a kan hanyar Allahabad, abin da ya fara lura da shi shi ne babu itace mai inuwa a inda take zaune, alhali ga jerin itatuwa can a gaban gidan masu hali. Inuwa ma rabonta ake yi bisa ga matsayi.

Wannan saɓani ya fito fili a tsakanin masana. Vandana Shiva, a littafinta Staying Alive na 1988, ta ɗora hujjarta a kan Prakriti, wato ɗabi'a a matsayin ƙarfi na mace mai rayarwa, ta ce tsarin ci gaban zamani ya zalunci mata da ƙasa a lokaci guda. Bina Agarwal ta mayar da martani a 1992 cewa kusancin matan karkara da daji bai samo asali daga wata baiwa ta jinsi ba, ya samo asali ne daga rabon aiki da rabon dukiya: su ne masu ɗebo ruwa da itacen girki da ciyawar dabbobi, saboda haka su ne suke fara jin jiki idan daji ya ja baya. Ni dai ina tare da Agarwal, kuma waƙoƙin matan da kansu suna bayanta.

Ki kuma lura da kalmar da matan ƙauyen Reni suka yi amfani da ita. A ranar 26 ga Maris 1974, lokacin gwagwarmayar Chipko ta hana saran daji, mazan ƙauyen sun tafi Chamoli karɓar kuɗin diyya, sai ma'aikatan ɗan kwangila suka nufi dajin da gatura. Gaura Devi ta tara mata 27 suka tare su, ta ce musu wannan daji maika ne a gare su, wato gidan uwa, inda matar aure take komawa idan ta gaji ko ta shiga ƙunci. 'Ya mace ce take magana a nan, wadda ta san cewa idan gidan uwa ya rushe ba ta da wurin yaji. Kuma ba su manta da ambaliyar kogin Alaknanda ta 1970 ba, wadda ake dangantawa da saran daji. Irin wannan muryar ce take cikin waƙar Nirmala Putul, 'yar ƙabilar Santal, inda yarinya take roƙon mahaifinta kada ya aurar da ita can nesa, kada kuma ya kai ta ƙasar da babu daji babu kogi babu tsauni.

Wani mai bibiyar adabin Kerala ya amsa:

Malama ta yi gaskiya, amma kada a ɗauka cewa duk ɗan da ya kira ƙasa uwa yana neman ƙarin mama ne. O. N. V. Kurup, a waƙarsa ta Malayalam, harshen jihar Kerala, mai suna Bhoomikkoru Charamageetham, wato makokin ƙasa, ya yi wa uwar ta'aziyyarta tun tana da sauran numfashi, bisa hujjar cewa ranar da ta mutu ba wanda zai rage da zai yi mata kuka. Ya ce 'ya'yanta sun sha nononta sun yi ƙarfi, sannan ƙishirwar jininta ta kama su, suka tuɓe mata koren mayafinta. Wannan tuhuma ce, kuma mawaƙin ya saka kansa cikin waɗanda ake tuhuma.

Game da ko waƙa ta taɓa kare wani abu a zahiri, akwai dajin Silent Valley a gundumar Palakkad ta Kerala, inda hukumar lantarki ta jihar ta so gina madatsar ruwa a kan kogin Kunthipuzha. Sugathakumari, wadda ta rayu daga 1934 zuwa 2020, ta jagoranci marubuta suka shiga faɗan tare da masana kimiyya, har 'yan adawa suka riƙa yi musu ba'a da sunan mawaƙan itace. Waƙarta Marathinu Stuthi, yabon itace, ta zama abin rerawa a tarukan. A cikinta ta kwatanta itace da Shiva, abin bautar mabiya Hindu, wanda labarinsu ya ce ya shanye guba domin duniya ta tsira, ta ce itace yana shan guba ya ba da iskar numfashi. An janye aikin a 1983, aka mayar da wurin gandun dajin ƙasa a 1984. Ba zan ce waƙa ce kaɗai ta yi ba, domin rahotannin masana da matsayar Firaministar Indiya ta lokacin, Indira Gandhi, sun yi nauyi ƙwarai, amma waƙar ce ta kai maganar gidajen da rahoto ba ya shiga. Ita Sugathakumarin daga baya ta kafa gidan Abhaya domin matan da ba su da galihu da masu taɓin hankali, abin da yake nuna cewa a wurinta dajin da ake sara da macen da aka yasar matsala ɗaya ce.

Mai fassara ya amsa:

'Yar'uwa, idan takardarki ta tsaya a kan Sanskirit da harsunan arewa, za ki rasa rabin labarin. Tsofaffin waƙoƙin Tamil na zamanin Sangam, masu kimanin shekara 2000, suna da tsarin da ake kira tinai, wanda ya raba ƙasa gida biyar, kowanne da furensa da tsuntsayensa da lokacinsa da halin zuciyar da ya dace da shi. Kurinji shi ne tsauni da haɗuwar masoya, marutam gonakin bakin kogi da saɓanin ma'aurata, neytal gaɓar teku da zulumi, palai busasshiyar ƙasa da rabuwa. Haƙuri kuwa an ba shi mullai, dajin makiyaya a farkon damina da yamma, lokacin da shanu suke komowa gida mace tana jiran mijinta. Abin lura shi ne haƙurin mullai yana da wa'adi, domin mijin ya yi alkawarin dawowa da saukar ruwa, kuma furen da ya buɗe shaida ne a kansa idan ya saɓa.

A waƙa ta 172 ta diwanin Natrinai akwai abin da ban taɓa gajiya da shi ba. Yarinya tana wasa da ƙawayenta a bakin teku ta binne ƙwayar itacen punnai a cikin yashi ta manta, da ta tsiro sai aka raine ta da madara da man shanu, uwar kuma ta riƙa cewa wannan itaciya ƙanwarku ce, ta ma fi ku kirki. Da yarinyar ta girma saurayi ya zo zance a gindin itaciyar, sai aka ce masa a koma wata inuwar, domin da kunya a yi raha a gaban ƙanwa. Uwa a nan ita ce ta shigar da itace cikin dangi, da harshenta, a tsakar gida, ba tare da wani wa'azi ba.

A. K. Ramanujan, wanda ya fassara waɗannan waƙoƙi zuwa Turanci kuma ya rasu a 1993, shi ne ya fi kowa amsa tambayarki a waƙoƙinsa na kansa. A wata da ta fito cikin diwaninsa na 1966 ya yi magana a kan kogin Madurai, wanda yake bushewa da rani ba mai kula shi, mawaƙan dā da na yanzu kuma ba sa rera komai sai ambaliyarsa. Ambaliyar ta tafi da gidaje uku da shanu biyu da mace mai ciki, wataƙila da tagwaye a cikinta, amma ba wanda ya saka ta a baiti. Wato mai yabon kogi yana iya shagala da kyansa har ya tsallake gawar uwa ta gaske.

Ɗayar kuma, mai suna Ecology a diwaninsa na 1986, ita ce nake so ki karanta a hankali. Ɗa ne yake dawowa gida a fusace bayan ruwan farko, domin tun daga nesa ya hango itatuwan champak uku na gidansu sun yi fure, ya kuma san ƙurar furen za ta kwantar da uwarsa da ciwon ɓarin kai mai tsanani, wanda ba ƙofar da take iya tarewa. Yana so a sare su. Uwar, da tsumma mai sanyi a kanta, ta tashi da faɗa ta ce ba mai taɓa su, domin kusan sa'anninta ne, kashin wani tsuntsu mai wucewa ne ya shuka su, kuma suna ba ta furen ibada da na 'ya'yanta mata da jikokinta. Ramanujan ya rufe da cewa wani reshe na dangin kuma ya gaji ciwon kan. Bai ce uwar ta yi daidai ba, bai kuma ce ɗan ya yi kuskure ba. Amma ita ta zaɓi jurewar da kanta, ta san farashinta, kuma haƙurin nata yana da baki har yana tsawa.

Ɗalibar adabi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na nemo waƙar champak ɗin na karanta ta sau uku, kuma na lura cewa kusan gaba ɗayanta jimla ɗaya ce mai tsawo da ba ta ba mutum damar numfashi, kamar yadda ƙamshin ya cika gidan. Na sauya tsarin takardar: zan bi shawarar Malama in raba waƙoƙin bisa ga mai magana, Sita da uwar Ramanujan kuma su zauna a tsakiya. Sai dai har yanzu ban san inda zan ajiye Ganga ba, domin a Maris 2017 Babbar Kotun jihar Uttarakhand ta ba kogunan Ganga da Yamuna matsayin mutum a idon doka, Kotun Ƙoli kuma ta dakatar da hukuncin a Yulin shekarar. Shin wannan ci gaban kwatancen uwa ne, ko fita daga cikinsa?

Mai nazarin waƙoƙin mata ta amsa:

Ki duba wa kotun ta naɗa a kan kogunan, 'yar'uwa. Ta ɗora wa daraktan shirin Namami Gange da babban sakataren jihar da babban lauyanta alhakin tsayawa a matsayin iyaye gare su, irin yadda doka take yi wa yaron da bai balaga ba. Uwar da aka yi ƙarnuka ana roƙo ta wanke zunuban 'ya'yanta ta wayi gari tana bukatar waliyyi. Gwamnatin jihar ce da kanta ta ɗaukaka ƙara, kuma cikin hujjojinta akwai cewa kogunan suna ratsa wasu jihohi, da kuma tambayar wanda zai biya diyya idan ambaliya ta yi ɓarna. Ki saka wannan a sashe ɗaya da Shakuntala da yarinyar itacen punnai, inda mutum ne yake reno, sannan ki kawo ƙarar da jihar ta ɗaukaka a shafin da yake biye.